Saiwar Dadin Kowa a Akwatin Kifi: Nazarin Abin da Ya Faru a Wani Gida a Gombe

Gidan yana Tudun Wadan Gombe. Mai gidan malamin sakandare ne, yana da akwatin kifi na gilashi a falo, tsawonsa santimita 90, faɗi 40, zurfi 40. In an cika shi maƙil zai ci lita 144, amma da tsakuwar ƙasa da ɗan sararin da ake bari a sama, ruwan bai wuce lita 120 ba, wato jarka shida ta 'yan garuwa. A ciki akwai golfish uku, da anjel biyu manya, da ƙananan gupi kamar goma, da kurungu ɗaya da wani masunci ya ba shi kyauta. Akwai filta mai soso da ɗan injin iska, dukansu a kan wutar gida suke. Haɗa golfish da anjel ba haɗi ne mai kyau ba tun asali, domin golfish ya fi son ruwa mai sanyi kuma kashinsa da yawa, amma sun fi shekara a haka babu wanda ya mutu.

Ni tarwaɗa nake kiwo, ba kifin ado ba. An neme ni ne bayan abin ya faru, saboda ina da kayan gwajin ruwa.

Itacen

Babban ɗan gidan ne ya kawo shi. Ya je Dadin Kowa da abokansa cikin watan Maris, lokacin da ruwan dam ya ja baya. Dam ɗin yana kan kogin Gongola, a ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba, kimanin kilomita 37 gabas da Gombe, kuma tun 1984 aka kammala shi. Duk inda aka tare kogi haka, ruwa yana cinye bishiyoyin da ke kwari, kuma kowace damina ambaliya tana kwaso wasu itatuwan daga sama ta jibge a gaɓa. A nan yaron ya tsinci wata saiwa mai rassa uku, murɗaɗɗiya, rana ta mayar da bayanta toka-toka, tsawonta bai kai kamu ɗaya da rabi ba. Ya haɗa da wani ɗan falle na katako baƙi da ya ba shi sha'awa, ya ɗaure su a bayan babur.

Gaskiya saiwar tana da kyau. Irin wannan ake gani a hotunan akwatunan Turawa a intanet, kuma masu sayar da kayan kifi suna shigo da makamancinta daga waje, musamman itacen mopane na kudancin Afirka, su sayar da tsada. Uban ya ce a ajiye katakon tukuna. Saiwar kuwa aka wanke ta da ruwa da tsintsiya, aka saka. Ta ƙi nitsewa, saboda ta bushe a gaɓa iska ta cika ramukanta. Sai mai gidan ya tura gindinta cikin tsakuwa, ya danne da wani farin dutse da ya daɗe a tsakar gida.

Yadda abin ya tafi

Kwana biyu da sakawa ruwa ya fara canja launi, kafin mako ya koma launin shayi. Sai kuma wani farin yauƙi ya fito a jikin rassan. Kifayen suna cin abinci, suna yawonsu, kurungun ma ya samu maɓoya ya daina fitowa sai dare. Amma launin ya dami mai gidan, uwargida kuma ta ce masa, "Malam, ruwan nan fa baƙi na ganinsa za su ce ba ma wanke abin."

Ranar Asabar ta mako na biyu ya yi aikin da yake ganin gyara ne. Ya kwashe kifayen a baho, ya zubar da ruwan duka, ya wanke tsakuwa, ya wanke soson filta a famfo har ya yi fes, ya shanya shi a rana. Saiwar kawai ya ɗauraye ya mayar da ita yadda take, gindi a binne. Ya cika akwatin da sabon ruwa.

Ruwan ya yi garau kwana ɗaya, sai launin ya dawo, wannan karon da ɗan hazo fari-fari. An shiga Afrilu, zafin Gombe na wannan lokaci yana kai wa digiri 40 da rana, ɗaki kuma ba ya hucewa da dare. A daren Laraba aka ɗauke wuta tun bayan isha'i, ba a dawo da ita ba. Da mai gidan ya tashi sallar asuba ya haska da fitilar waya, ya tarar anjel biyu sun kwanta a ƙasa, sauran kifayen duk sun taru a saman ruwa suna buɗe baki.

Yaron ne ya kira ni. "Kawu, itacen nan da na kawo guba ne, ya kashe wa Baba kifi." Na ce kada su taɓa komai, su ɗauki kofi su dinga kamfatar ruwan suna zubawa daga sama, kar su tsaya. Kafin in iso sun kai rabin sa'a suna yi, kuma golfish sun riga sun sauka daga sama sun koma iyo.

Guba ce ko wani abu?

Zargin yaron ba na banza ba ne, kuma da shi muka fara. Ƙasarmu cike take da itatuwan da ke kashe kifi, kuma masunta sun san su tun kaka da kakanni. Akwai majimfa da ake dakawa a zuba a tafki. Ɓawon aduwa da 'ya'yanta suna da sinadari mai kumfa da ke lalata wurin numfashin kifi. Makubar ɗorawa ma haka. Darbejiya, wadda babu unguwar da babu ita a Gombe, abin da ke sa ta kori ƙwari yana cutar da kifi, ita kuma tumfafiya nononta ya isa. Ban da na daji akwai na mutum: gaɓar Dadin Kowa wurin noman rani ne, ana feshin maganin ƙwari da na ciyawa, kuma busasshen itace yana tsotsar abin da ya zauna a ciki.

Tashin kifi sama yana haki bai raba gardama ba, domin kifin da ya sha majimfa ko aduwa ma haka yake yi. Abin da ya raba ta shi ne lokaci. Kifayen sun yi kusan mako biyu da saiwar lafiya lau, alhali guba ta fi ƙarfi a kwanakin farko, lokacin da itace ke sakin mafi yawan abin da ke jikinsa. Mutuwar ta zo ne a daren da injin iska ya tsaya, a ƙarshen dare. Sannan da aka motsa ruwa da kofi kawai, ba a canja ko ɗigo ba, waɗanda suka rage suka farfaɗo. Gubar itace ba ta barin ruwa don an kaɗa shi. Waɗanda suka mutu ma shaida ne: anjel ba shi da juriyar ƙarancin iska, golfish kuwa yana cikin kifayen da suka fi kowa jure ta, gupi ƙanana ne suna iya lasar siririn ruwan sama inda iska ta fi yawa.

To ina iskar ta tafi? An sha ɗauke wuta a gidan nan dare guda, kifi bai mutu ba. Amsar tana gindin saiwar. Da muka zaro ta daga tsakuwa, wasu kumfa suka taso, wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai ya cika falon. Rassan sama suna da tauri, farce ba ya shiga. Gindin kuwa da na danna da babban yatsa sai ya lotsa, baƙin ruwa ya tsattsafo, na ɓantaro wani yanki da hannu ya marmashe. A lungu tsakanin rassa biyu akwai ragowar ɓawo da busasshen laka da tsintsiya ba ta kai ba. Wannan ɓangaren ya riga ya ruɓe tun yana gaɓa, rana ce ta busar da shi ya yi kama da lafiyayye. Da ya koma cikin ruwa mai ɗumi, ƙwayoyin bakteriya suka ci gaba da cinsa, su kuma iskar oksijin suke shaƙa kamar yadda kifi ke yi. Hazon nan fari da ya biyo bayan canjin ruwa su ne. A ƙarƙashin tsakuwa inda iska ba ta kai, wasu nau'in ne ke aiki, su ke fitar da gas mai warin ƙwai, wanda shi kansa yana cutar da kifi.

A ƙara da zafi. Ruwa mai digiri 20 yana iya riƙe kimanin miligiram 9 na oksijin a kowace lita, a digiri 30 kuwa bai wuce 7.5 ba. Ruwan akwatin da safiyar nan ya haura 30. Kuma zafi yana sa kifi da bakteriya duka su ƙara shan iska. Abin da ke cikin ruwan ya ragu, masu sha sun ƙaru, injin da ke cikowa ya tsaya sa'o'i takwas ko fiye.

Gwajin ruwa ya nuna abu na biyu, wanda ba laifin itace ba ne. Amoniya ta hau. A cikin soson filta da jikin tsakuwa akwai wasu bakteriya masu amfani da ke mayar da amoniyar kashin kifi zuwa abin da ba ya cutarwa sosai, kuma sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su kafu a sabon akwati. Wankin Asabar ya tafi da su: kulorin na ruwan famfo ya kashe wasu, rana ta ƙarasa sauran. Garin gyaran gira aka rasa ido. Amoniya tana ƙona wurin numfashin kifi, saboda haka kifayen sun shiga daren Laraba da rauni. Golfish ɗaya, mafi girma, ya mutu bayan kwana uku duk da canjin ruwan da aka dinga yi, kuma ina ɗora mutuwarsa a kan amoniyar.

Farin dutsen ma mun gwada shi. Na matsa masa lemun tsami ya yi kumfa, alamar farar ƙasa ce, irin wadda ta sa aka kafa kamfanin siminti a Ashaka. Irin wannan dutse yana narkewa a hankali ya ɗaga ma'aunin pH, wato awon tsamin ruwa wanda ke hawa idan tsami ya ragu, kuma amoniya ta fi dafi idan pH ya yi sama. Nasa gudummawar kaɗan ce, amma an fitar da shi.

Launin shayin da ya jawo duk wannan aiki kuwa, shi ne abin da ya fi komai rashin illa. Sinadarin tanin ne, wanda majema ke nema a 'ya'yan bagaruwa don jima. Kusan kowane itace mai tauri yana da shi. Yana rina ruwa, kuma a ruwa mai ƙarancin ma'adini yana ɗan sauke pH, amma ruwan gidan nan yana da isasshen ma'adinin da ke tare wannan sauyi, gwajin ya tsaya a wajen 7.5. Anjel ɗin da suka mutu asalinsu daga yankin Amazon ne, inda wasu koguna, irin su Rio Negro na Brazil, suka fi wannan ruwa duhu nesa ba kusa ba saboda ganye da itace. Farin yauƙin ma abu ne da ke fitowa a kusan kowane sabon itace, yana cin ɗan zaƙin da ya rage a fatarsa, ya ɓace da kansa cikin 'yan makonni, ko a goge shi da burushi.

Abin da aka yi da saiwar

Uwargida ta ce a kai ta murhu. Yaron ya yi shiru. Mai gidan ya tambaye ni ko akwai yadda za a yi, na ce sai mun san wane itace ne, kuma sai mun ga abin da ya rage bayan an cire ruɓar.

Muka kai ta wurin wani dattijo masassaƙi mai yin turmi da ƙota. Ya juya ta, ya sa gizago ya fere gefe ɗaya. Farin waje ya zube kamar ba itace ba, sai ga ciki ja mai duhu, gizagon yana tsalle a kansa. Ya shinshina, ya ce, "Ƙirya ce. Yaro, wannan ko gara ba ta cinta, na wajen ne ya mutu." Ƙirya ita ce maƙera ke nema don gawayi saboda taurinta. Ita ma dakakkun 'ya'yanta suna cikin abin da ake kashe kifi da shi, shi ya sa na dage kada a bar ko ƙwarzanen ɓawo. A yawancin waɗannan itatuwa dafin ya fi taruwa a 'ya'ya da ganye da ɓawo da ruwan jiki. Zuciyar itacen da ta daɗe da mutuwa, ruwa ya wanke ta shekara da shekaru, ita ce ake so. Dattijon ya sassaƙe duk inda ya yi laushi, ya yanke gindin gaba ɗaya. Kusan kashi ɗaya cikin uku na saiwar ya tafi.

Baƙin katakon nan bai ma kai ga gizago ba. Dattijon yana ɗaukarsa ya nuna mana ramin ƙusa mai tsatsa da kwalta a gefe, ya ce ɓallin kwalekwale ne. Duk itacen da ya taɓa shiga hannun kafinta, an shafa masa kwalta ko fenti ko baƙin mai ko maganin gara, ba ya shiga akwatin kifi ko da an dafa shi sau goma. Haka itace mai ƙamshi ko mai ƙaro, irin su bishiyar turare, da ɗanyen reshe da aka sara jiya.

A gida aka goge saiwar da burushin waya da ruwa zalla. Babu sabulu, babu bilic, babu maganin wanke banɗaki, domin itace yana shanye su ya dinga sakinsu daga baya. Aka aro tukunyar biki. Yaron ya so a yi amfani da rabin duro, na hana, tunda babu wanda ya san abin da duron ya taɓa ɗauka. Saiwar ba ta shige duka ba, sai aka tafasa gefe ɗaya kamar sa'a biyu, aka juya aka yi wa ɗayan haka, ruwan ya fito baƙi ƙirin aka zubar. Tafasawa tana aiki uku: tana fitar da tanin da sauri, tana korar iskar da ke sa itace yawo a sama, tana kuma kashe abin da ya maƙale. Na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne ga itacen dam. Akwai matsattsaku, akwai 'ya'yan mazari da ke zaune a ruwa suna cin ƙananan kifi, akwai ƙananan katantanwa da ƙwansu, kuma wasu katantanwar ruwan da ba ya gudu su ne ke ɗauke da cutar tsargiya. Abin da tafasawa ba ta yi shi ne ba ta mayar da ruɓaɓɓen itace lafiyayye, ba ta kuma cire kwalta ko maganin feshi.

Daga nan aka jiƙa ta a babbar roba, an rufe saboda sauro, ana canja ruwa duk bayan kwana biyu. A mako na biyu ta nitse da kanta. A na uku ruwan ya koma ruwan ɗorawa mai haske, babu wari. Sai gwaji na ƙarshe, wanda shi ne hujja a kan itacen gida da ba a saba sakawa a akwati ba: aka zuba sabon ruwa a robar, aka sa bututun iska, aka saka gupi biyu tare da saiwar, wasu biyu kuma a bokiti na dabam babu itace. Mako guda duka huɗun suna ci suna iyo.

Wannan jiran ya yi wa akwatin amfani. Ana canja kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk kwana biyu da ruwan da ya kwana a buɗe, an rage abinci, kuma na ba su ɗan tsohon soso daga filtar wani akwati mai lafiya don bakteriyar su yi saurin dawowa. Sai da amoniya ta sauka zuwa sifili aka mayar da saiwar. Ba a binne ta ba. An ɗora ta a kan tsakuwa yadda ruwa zai bi ta ƙarƙashinta, nesa da gilashi. Da ta ƙi nitsewa, da zaren fatsa za a ɗaure ta a jikin dutsen da ba ya kumfa da lemun tsami, ba da wayar wuta ba, domin jan ƙarfe dafi ne a ruwan kifi, ba kuma da ƙusa ba.

Inda aka tsaya

Ruwan har yanzu yana ɗan rinuwa, kuma zai yi watanni yana yi. An sa gawayin filta na kanti, wanda aka sarrafa don tsotse launi, ana canja shi duk wata. Gawayin girki ba ya wannan aiki. Soson filta yanzu a cikin ruwan da aka ɗebo daga akwatin ake matse shi, ba a famfo ba. Mai gidan ya sayi ɗan injin iska mai batir da ake caji, wanda ke kunna kansa in wuta ta tafi, kuma a ganina wannan ya fi duk sauran gyare-gyaren muhimmanci a garin da Afrilu ke zuwa kowace shekara. Duk ranar canjin ruwa yaron yana danna saiwar da farce, musamman inda ta taɓa tsakuwa, domin itace a ruwa ba ya daina ruɓewa, jinkiri kawai mai tauri yake yi. Inda ya yi laushi za a fitar a kankare.

Abu ɗaya ba mu daidaita a kansa ba. Mai gidan yana so ya sayo wasu anjel biyu, ni kuma na ce lita 120 ba za ta ɗauki golfish biyu masu girma da anjel da kurungun da ke ƙara ƙiba ba, sai dai a raba musu akwati. Ya ce zai duba bayan an biya albashi.